Baba a Jikin Farin Ƙyalle

Makarfi,
bayan ƙaramar Sallah, 1963.

Zuwa ga Yayana Inuwa, wajen aikin layin dogo, Gombe.

Yaya, a duk fina-finan da ake nunawa a duniya, ka san wanne ne ya fi ban tsoro? Ni da ban sani ba, yanzu kuwa na sani, shi ya sa ma na nemi takarda na zauna. Amma ka gafarce ni, na faɗo maka da tambaya kamar wanda aka koro, ko sallama ban yi ba. Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka duka. Yaya aiki, yaya baƙunta, yaya zafin ƙasar can? Allah ya ba ka ƙarfin jiki, ya tsare ka da sharrin ƙarfe, ya sa gumin da kake zubarwa ya zama mai albarka, amin. Ka yi haƙuri da rubutun, na ajin yaƙi da jahilci ne, inda ka ga ya karkace ka miƙe shi da kanka. Ban so in kai wa mai rubutun wasiƙa na bakin kasuwa ba, don maganar ta cikin gida ce.

Mutanen Likoro duk lafiya. Inna ta fita takaba tun kafin azumi, ƙafar nan tata ta yi sauƙi, har tana zuwa rijiya da kanta in an hana ta ma. Ƙanwarmu Lantana ta yi tsawo, in ka gan ta ba za ka gane ta ba, ita ke daka yanzu. Dawar da Baba ya shuka bai ga girbinta ba ta yi kyau, Kawu ya kira gayya aka yanke, rumbu ya kusa cika. Gwaggo Mero dai har yau in an ambaci ƙanen nata sai ta share ido. Kowa ya san ba da gangan ka ƙi zuwa ba, saƙon ne ya iske ka a makare. Inna ta ce in gaya maka kada ka sa wannan a ranka, addu'a daga nesa ma tana isa kabari.

Ban sani ba ko labari ya zo maka cewa na bar gida. Bayan sadakar arba'in Kawu ya kawo ni nan Makarfi wajen wani abokinsa, aka sa ni aikin motar majigi. Ka san majigi, silimar nan ta gwamnati da ake yawo da ita ƙauye-ƙauye, a kafa farin ƙyalle a dandali bayan magariba a nuna wa jama'a kyauta. Ni aikina ɗauke-ɗauke ne, in kafa sanduna, in ɗaure ƙyalle, in ba injin wuta mai, in kori yara daga kan waya. Mu uku ne. Akwai Malam Barnaba, mutumin kudancin Zariya, Kirista ne, shi ke tuƙi kuma shi ke juya injin hoton. Ba shi da yawan magana, amma bai taɓa buɗe kwanon abinci bai ce in matso ba. Sai Ɗan'azumi mai bayani. Ka ga yawancin fina-finanmu ba su da magana a ciki, mutane ne kawai ke motsa baki, to Ɗan'azumi ne ke riƙe lasifika ya zama bakin kowa. Shi ne mace, shi ne tsoho, shi ne jaki. In ya so a yi dariya sai an yi, ko mutum daga jana'iza ya dawo. Har yanzu abubuwa da yawa suna ɗaure mini kai a aikin nan, ina dai bin su da to.

A hanya su biyun ba su da hira sai ta fim, don sun sha shiga silimar kuɗi a Zariya da Kaduna. Kullum gardamarsu wane fim ne ya fi tsoro. Ɗan'azumi ya ce babu kamar wani da ya gani na jirgin ruwa, duk mutanen ciki sun mutu amma jirgin bai daina tafiya ba, in ya tsaya a gari sai su sauko cefane. Malam Barnaba ya ce wannan ai wasan yara ne, shi ya ga na wani tela da inuwarsa ta rabu da shi tana bin mutane tana shaƙewa, har ya kwana biyu ba ya son tsayawa kusa da fitila. Da suka ji ban taɓa shiga ba, ranar da muka je Zariya gyaran mota sai suka ja ni. Abin da aka nuna, wani likita ne, duk wanda ya mutu a hannunsa sai ya dawo ya zauna a bencinsa yana jiran layi, fuska fari fat, ba ya ƙiftawa. Wallahi Yaya ban san sa'ad da na shige ƙarƙashin benci ba, sai da mai gyaɗa ta taka mini hannu. Tun daga ranar Ɗan'azumi ke kirana Barden Likoro. Amma ka san wani abu? Daren nan barcina na yi har da minshari. Na ce a raina waɗannan matattun Turawa ne, ba su san hanyar Likoro ba, ko sun zo ba sa jin Hausa, me ya haɗa ni da su.

Ana nan sai aka aiko mana da sabon gwangwanin fim daga Kaduna, aka ce na noman auduga ne. Dandamisa muka fara kai shi. Ni ina can baya wajen injin wuta, ba na ma kallo, don fina-finan gona duk kanwar ja ce, manomi mai hankali da manomi wawa, a ƙarshe mai hankali ya sayi keke, wawa ya riƙe haɓa. Sai na ji dandali ya ɓarke da dariya, Ɗan'azumi yana cewa ga Sarkin Barci nan ya fito, a ba shi hanya kada ya faɗo a kan mutane. Na ɗaga kai in ga abin dariyar. Yaya, Baba ne. Baba ne a jikin ƙyallen, ya fi zaure tsawo, yana tahowa ta cikin kunyoyin gona da ɗan ɗingishin nan nasa na ƙafar hagu, da hular nan da ta koɗe, da rigar nan mai maho a kafaɗa wadda ni da hannuna na miƙa sadaka ranar uku. Ya tsaya, ya goge tafinsa a ƙirji yadda yake yi kafin ya ba mutum hannu, ya dubo mu. Ni da na zuba masa ƙasa.

Abin da ya biyo baya ya fi wannan muni. Aka nuna shi ya kwanta gindin tsamiya rana tsaka, ciyawa tana cin gona. Aka nuna shi zai kai auduga fuloti, wato inda ake awo, ya waiga hagu da dama, ya yayyafa mata ruwa, ya ɗebi yashi ya zuba a ciki don ta ƙara nauyi. Aka nuna malamin awo ya kama shi ya kore shi. Duk wannan Ɗan'azumi yana yi masa wata siririyar murya kamar ta tsohuwa, wai wayyo malam ka rufa mini asiri, iska ce ta zuba. Yara suna jifan ƙyallen da ɓawon rake. Wata dattijuwa ta ce Allah wadaran tsufa irin wannan. Wani mutum kuma da ke tsaye dab da ni ya taɓa abokinsa ya ce ai ya san wannan, mutumin Likoro ne, suna haɗuwa a kasuwar Kudan, ashe macuci ne yake yi wa mutane fuskar salihai. Wannan maganar, Yaya, ita ce ta hana ni barci, ba ganin nasa ba.

Sai daga baya na tuna yadda aka yi. Shekarar da ka tafi, wasu mutane sun zo daga Kaduna da wani Bature, da akwati mai ƙafa uku. Ni ina fadama wajen rake a lokacin, ban ga komai ba. Da yamma na ji Baba yana gaya wa Inna wai Dagaci ya roƙe shi alfarma, yau ya yi wasan yara da furfurarsa, amma ba komai, hoto ne za a kai ƙasar Turawa, wa ya san shi a can. Bai ƙara tayar da zancen ba, mu ma muka manta. To a fim ɗin na gane sauran. Kyakkyawar gonar da ake yabo, mai auduga fari tas, tamu ce, ga rimin nan a kusurwa. Wanda aka tsayar a cikinta a matsayin mai hankali kuwa Malam Musa ne maƙwabcinmu, da ƙibarsa da sabuwar riga. Baba kuma aka kai shi gonar Malam Musa, wadda ka san ciyawa ta fi auduga tsawo. Da alama sun duba ne suka ga Baba siriri ne, rigarsa ta tsufa, suka ce shi ya fi kama da wawa.

Ban gaya wa kowa ba. Ban san ta inda zan fara ba, ga ni sabon zuwa, ga kunya. Muka kai shi Janfalan, nan ma suka fi yi masa dariya, har wasu suka roƙa a maimaita wajen yashin. Muka kai shi Ikara. Kowane gari ni nake kafa ƙyallen, ni nake ba injin mai, Baba ya fito ya zuba yashi, a zage shi, a watse. Abinci ya fita raina. Sai wani tunani ya shige ni wanda ya fi komai tayar mini da hankali. Na ce to, mutum ya mutu, amma kullum magariba yana tashi yana yin algus a gaban jama'a, shin mala'iku suna ƙara rubuta masa ne? Kada ya zamana yana kwance a can, ni ina nan ina kunna injin da ke ƙara masa nauyi. A Ikara na kasa daurewa, bayan azahar na tsaya wajen wani tsohon malami a masallaci na gaya masa duka. Bai yi mini dariya ba. Ya tambaye ni ko audugar an sayar wa wani da yashin, ko an cuci wani, na ce a'a, sa shi aka yi. Ya ce to in kwantar da hankalina, aiki da niyya yake, kuma Allah ba ya kama bawa da laifin inuwarsa. Amma ya ce akwai saura. Wai masu zaginsa ba su san gaskiya ba, ni kuwa na sani, in ɗa yana jin ana cin naman ubansa ya yi shiru, shi za a tambaya.

Ina cikin juya wannan magana sai Malam Barnaba ya ce in mun gama da Kudan, Likoro muka nufa, har an riga an yi shela. Na tuna dandalinmu bango ɗaya ne tsakaninsa da ɗakin Inna. Ko ba ta fito ba, lasifika zai kai mata muryar nan har kan gado. Da safe a Kudan, suna wajen mai shayi, na ɗauki gwangwanin na ɓoye a riga na zagaya bayan gari inda ake dafa mazarƙwaila, don na sha jin Malam Barnaba yana cewa a nisanta fim da wuta. Na tsaya a bakin murhun, wuta tana ci bal-bal, na ɗaga hannu. Yaya, na kasa. Ta yaya zan jefa Baba a wuta? A nan Malam Barnaba ya same ni, ya biyo sawuna yana zaton sata na yi. Da ya ga fuskata bai ɗaga murya ba, ya karɓi gwangwanin, ya zaunar da ni a kan tulin ɓawon rake, na faɗa masa. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu ya daɗe. Sannan ya gaya mini abin da ban taɓa zato ba. Wai ko na ƙona wannan ban yi komai ba, irinsa da yawa aka buga, kowace motar majigi a Jihar Arewa tana da nata. Wato a magariba ɗaya Baba yana Katsina, yana Sakkwato, yana Bauci, ko'ina yana zuba yashi, ko'ina da mai bayanin da ke yi masa murya.

Da Ɗan'azumi ya ji, shayin da ke hannunsa ya ajiye bai ƙara taɓawa ba. Ya ce la'ilaha illallahu, kai wane irin yaro ne, ina zagin mahaifinka gari-gari kai kuma kana ba inji mai don a ji ni da kyau? Ya ce shi abin da aka ba shi ke nan, wawa da mai hankali, gishiri kawai ya ƙara, da ya san mamaci ne mai 'ya'ya da ya taune harshensa. Ya nemi gafarata, babba da shi, har na rasa inda zan sa idona. Ya rantse a Likoro ba zai yi wa fim ɗin nan bayani ba. Malam Barnaba ya ce fasawa ba ta yiwuwa, umarni ne daga sama, kuma ba a nuna fim bebe. Sai ya dube ni ya ce tunda hoton ba shi da bakin kansa, duk wanda ya riƙe lasifika shi ke da magana, to ni in riƙe. Na ce ni da ko a gaban mutum biyar ban iya magana ba. Ya ce ba iyawa ake nema ba yau.

Na riga su yin gaba a ƙasa don in sami Inna. Na tarar da ita tana kaɗi a inuwar rumbu. Na durƙusa na gaya mata komai, har da yashin, har da abin da mutumin Dandamisa ya ce. Mazarin bai tsaya ba har na gama. Abin da ta fara tambaya shi ne, a hoton da lafiyarsa ko ya riga ya fara ramewa. Na ce da lafiyarsa. Ta ce to za ta je. Kawu ya ce bai kamata ba, zuciyarta ba za ta ɗauka ba, ta zauna a ɗaki ya sa a toshe taga. Ta ce masa ranar da aka fita da gawar Malam, wato Baba, iyakarta ƙofar zaure, maza suka tafi da shi, ba ta san ko ta wace hanya aka bi ba. Yau da aka kawo shi har bayan ɗakinta ba wanda zai ce ta toshe taga.

Bayan magariba dandali ya cika, har da mutanen ƙauyukan gefe. Aka shimfiɗa wa Inna da Gwaggo Mero tabarma a gefen mata. Aka gama fim ɗin labarai, Ɗan'azumi ya miƙo mini lasifika. Ka san tun da aka haife mu ba mu taɓa kiran sunan Baba da bakinmu ba, ko wani mai irin sunan muka haɗu da shi sai mu ce mai sunan Baba. To na ga in ban kira ba, baƙin da ke wurin ba za su san wa nake nufi ba. Na rufe ido na ce jama'a, wanda za ku gani yanzu Malam Tukur ne, mahaifina, ya rasu da damina, sa shi aka yi ya yi abin da za ku gani, shi bai taɓa zuba yashi a audugarsa ba, ku yi masa addu'a. Na ji sunan ya fita ta lasifika ya bugi katangar masallaci ya dawo mini. Yanzu ma da na rubuta shi sai da na ajiye fensir na ɗan huta.

Da ya fito, wurin ya ɗauki salati gaba ɗaya. Wasu yara suka ruga gida da ihu. Gwaggo Mero ta kifa kai a cinyar Inna. Da ya goge tafinsa a ƙirji ya dubo mu, sai na ji wani tsoho daga cikin abokansa ya amsa da ƙarfi, wa'alaikumussalam Malam, bai ma san ya faɗa ba. Ba wanda ya yi dariya. Ni kuma ina dai riƙe da lasifika, ba abin da ake ji sai ƙarar inji. Har aka zo inda Malam Musa ya bayyana a gonarmu yana noma kamar zai haƙo ruwa. Sai wani daga baya ya ce kai jama'a, Musa da fartanya? Lalle wannan fim ƙarya ne! Nan wurin ya fashe, mutane suna dariya hawaye yana zuba. Wani ya ce a tambaye shi ko aron gumin ya yi. Malam Musa kuwa, Allah ya saka masa, ya miƙe tsaye a tsakiyar haske har inuwarsa ta rufe rabin ƙyallen, ya ce a yi masa dariya ya cancanta, amma kowa ya shaida, gonar da yake tsaye a ciki ta marigayi ce, mai ciyawar ita ce tasa. Ya ce yana wurin aka kawo yashin, marigayi ya ƙi taɓawa, sai da Dagaci ya ce baƙi ne kada a kunyata gari sannan ya ɗiba. Dagaci yana zaune a kujerarsa, kansa a ƙasa, ya ce haka aka yi. A lokacin na gane ashe ba Likoro ce abin tsoro ba. A nan kowa ya san shi.

Da aka watse, Inna ta aiko Lantana wai in roƙi mai inji, in ba takura, ya maido mata wajen tsamiya. Malam Barnaba ya mayar da zaren fim ɗin baya ya sake kunnawa, dandali ba kowa sai mu. Baba ya zo ya kwanta, ya ɗora hula a fuska, ya harɗe ƙafa. Inna ta matso kusa, ta tsaya tana kallo har wurin ya wuce. Sai ta ce tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa ganin bayansa ya taɓa ƙasa da rana ba, ko ranar Sallah sai ya leƙa gona, ashe sai da baƙi suka zo suka sa shi dole. Ta ce a bar shi ya huta. Ɗan'azumi ya juya mana baya yana gyaran wayar da ba abin da ya same ta.

Ni na riga na yanke a raina daga nan na bar aikin, in koma gona. Da na gaya wa Inna ta ce a'a. Ta ce in na sauka daga motar nan wani za a ɗauka, fim ɗin kuma ba zai fasa yawo ba. Ta ce duk garin da muka je in faɗi abin da na faɗa yau, da sunansa, kafin ya fito. To haka nake yi tun daga ranar. Wani wuri a saurara, har a yi masa fatiha. Wani wuri samari su yi ta ihu a sauke yaron nan a nuna musu fim. Ɗan'azumi yanzu in ya karɓa cewa yake ga wani dattijon kirki ya yarda ya nuna muku abin da ba a yi, ya daina siririyar muryar nan, ko da yake ya ce dariya ta ragu. Malam Barnaba ya ce in manya na Kaduna suka ji muna taɓa musu darasi mai yiwuwa a kira shi ofis, amma a bari sai an kira. Dandamisa ba mu koma ba tukuna, mutumin nan yana can da abin da ya ɗauka, ban ma san sunansa ba.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Malam Barnaba ya ce Gombe ƙasar auduga ce, ko ba jima ko ba daɗe sai an kai muku shi, in ma ba a riga an kai ba. Ni mota ɗaya nake bi, sauran ba ni da iko da su. Don Allah Yaya, ka sa kunne. In ka ji shelar majigi, ka je da wuri tun ana kafa sanduna, ka nemi mai bayaninsu, ka ba shi goro, ka gaya masa ko wane ne wannan dattijo. Yawancinsu ba mugaye ba ne, rashin sani ne. In ya ƙi, to ka miƙe ka faɗa da bakinka, muryarka ta fi tawa. Na san sunan zai yi maka nauyi, kai da kake babba, amma zai fita. Kuma kada ka tafi da 'yarka Jamila karon farko, ka fara gani kai kaɗai. Ka zauna gaba-gaba. Da lafiyarsa yake a ciki, Yaya, kamar ranar da ya raka ka tasha.

Inna tana gaishe ka, tana sa maka albarka, ta ce ka rage yin aiki cikin rana. Kawu da Gwaggo Mero da Lantana suna gaisuwa. Malam Musa ya ce lalle in sa sunansa. Ka gaida Talatu, ka ce mijinta ƙarami yana nan bai manta da tuwonta ba, ta daina ɓoye mini kai. Ka shafa mini kan Jamila da Adama. In akwai mutanen wajenmu a cikin leburorinku ka gaishe su, ka kuma ba su wannan labari, ko sa taya ka tsayawa. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Zan tsaya nan, Malam Barnaba ya tayar da mota yana ta danna mini ham. Janfalan za mu koma yau, kuma ina so mu isa da sauran rana in sami dattawan garin kafin a kafa ƙyalle. Dole in tafi.

Ni ne ƙanenka,
Maiwada.